Ranar da Yaya Ya Taya Doki

Ni dai tun farko na ce wa yayana Tamimu, wanda ke haya a hawa na shida a unguwar Parkchester, nan ƙasar Turawa, ba shi da haɗi da doki. Amma 'yarsa Firdausi ta kamu da son hawa tun tana firamare, kuma abin bai sake ta ba. Yanzu shekararta goma sha huɗu, tana son shiga gasar nan mai kashi uku: tafiyar ƙa'ida a fili, gudu cikin daji ana ƙetare gungume da ruwa, sai tsallaken shinge. Matakin 'yan koyo ne, amma ko a nan mutum na iya karya wuya.

Saboda haka mai koyar da ita ta ce ba ɗanyen doki za a nema ba, sai tsoho wanda ya ga jiya ya ga yau, wanda in yarinya ta yi kuskure zai rufa mata asiri. Abin haushin, a ƙasar nan irin wannan tsohon ya fi saurayi tsada. Ga kuɗin barga, ga likita, ga mai sa masa takalmin ƙarfe, ga ciyawa. Muka yi ta lissafi har na gaji da ganin takarda. Yaya ya ƙara awannin tuƙin tasi, ni na ƙara kwanan asibiti inda nake aikin jinya, na kuma ajiye kwasar adashina. Duk wanda ya gan mu a lokacin zai ce daga jinya muka tashi.

Da ƙyar aka samu wanda ya dace. Wani bidi ne, fari mai ɗigo-ɗigo, mai shekara goma sha shida, na wata dattijuwa Misis Helen, a wata gona arewa da birni. Firdausi ta hau shi sau biyu. A hawa na biyu ƙafarta ta zame daga likkafa a gaban shinge, dokin nan ya rage gudu da kansa, ya tsaya har ta gyara zama. Na ga Yaya ya juya baya yana share ido.

Ranar ciniki na sauko daga aiki ko barci ban yi ba, muka kama hanya mu uku. Kuɗin da matar ta faɗa ya ɗan ɗara abin da ke hannunmu. Yaya ya ce in bar masa komai. Mahaifinmu dillalin dawaki ne a Mai'aduwa, kuma Yaya a gefensa ya tashi, don haka yana ganin ciniki gadonsa ne.

Muna isa ya haɗe rai. Ya buɗe bakin dokin, ya duba haƙora, ya girgiza kai. Ya shafa bayansa ya ce ya lotsa. Ya ɗaga kofato ya yi tsaki. Sannan ya ce wa matar da Turanci, wannan ai ya gama yayi, shekara biyu in ya ƙara an gode Allah, taimaka mata zai yi ya raba ta da wahala. Ya taya rabin kuɗi, ya juya kamar zai tafi.

A kasuwarmu ta gida, a nan ne mai kaya zai ce albarka, a yi dariya, a ja, a saki, a haɗu a tsakiya. Misis Helen ba ta yi dariya ba. Ta karɓi linzamin daga hannun Firdausi a hankali.

Ta ce, "Ɗiyata ta girma a bayansa. Ba kuɗi nake nema ba, gida nake nema masa. Na yi niyyar rage muku saboda yarinyar nan. Amma wanda yake ganinsa a haka, ranar da ya gurgunce mahauta zai kai shi."

Na sa baki, na ce al'adar cinikinmu ce. Yaya ya ce zai biya duka, har da ƙari da ba mu da shi. Ta ce ta gode, ta ja dokinta ciki, ta rufe ƙofa.

A hanyar dawowa cunkoso ya riƙe mu. Haushi nake ji, amma gajiya ta hana ni faɗa. Can Yaya ya yi ajiyar zuciya.

Ya ce mini, "Muniratu, wallahi tun da nake ban taɓa ganin doki mai hankalin wannan ba."

Firdausi tana kujerar baya. Kullum da Turanci take amsa mana, amma ranar da Hausarta mai gargada ta yi magana.

"Baba, to me ya sa ba ka faɗa mata ba?"

"Ke, ba a yabon abin da ake so a gaban mutane. Sai a raina ka."

Firdausi 'yar fari ce, ko sunanta Yaya ba ya kamawa, balle ya ce ta yi ƙoƙari.

Ta ce, "Okay. Ashe ni ma shi ya sa."

Na bayanmu suka dame mu da hon, Yaya ya ja mota.