Hannun Ungozoma

Ranar da Ungozoma ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo, 'yar Malam ta kwashi kayanta ta koma gidan tsohuwar don yi mata jinya. Katanga ce kawai tsakaninsu. Malam na zaune da littafi a cinya, yana jin mata suna ta shiga, kowace riƙe da yaron da tsohuwar ta karɓi haihuwarsa. Lokacin da matarsa ta rasu wurin haihuwar yarinyar nan, tabarma ɗaya ta ishi masu gaisuwa.

A hannun Ungozoma matar tasa ta cika, shi yana tsaye a tsakar gida. "Maza ba sa shiga," tsohuwar ta ce masa a ranar, ta ja ƙofa. Ita kaɗai ta ji maganar matarsa ta ƙarshe, shi kuma bai taɓa tambaya ba, don ya rantse ba zai roƙe ta komai ba. Yarinyar ta girma, ta yi makarantar ungozoma, ta dawo tana riƙe wa tsohuwar jaka tana ce mata Inna.

Da hantsi ta leƙo. "Baba, Inna na kiranka."

"Yau kuma maza na shiga?"

"Baba, don Allah."

Ɗakin na warin sabulu da man zafi. Tsohuwar ta murza tafukanta har suka yi ɗumi, yadda take yi kafin ta taɓa mai ciki, sannan ta kama hannunsa.

"Malam sarkin littattafai. Har yau fushi kake?"

"Karatu nake."

"'Yarka ta fi ni. Daga kumburin ƙafa take gane matsala, ta tura mace asibiti tun da wuri. Da an koya mana haka a zamaninmu..."

"Ai ke kika more ta," ya ce. "Ni kuɗin makaranta kawai na biya."

Ta yi dariya, tari ya sarƙe ta. Yarinyar ta ture shi gefe ba tare da ta dube shi ba, ta tallafi kan tsohuwar, tana kiran Inna a hankali. Can ta daina kira.

Malam ya tsaya a bakin gado, ɗumin tafin tsohuwar bai bar hannunsa ba. Tambayar na nan a bakinsa, gajeruwa: ko matata ta ambaci sunana?