Ɗan Talata Ya Ƙi Yin Ciwo

Littafin farko bai yi wa kowa ɓarna ba a Gure, in ban da yara da suka daina zagayawa bayan gida su kaɗai. Wata mata ce a Damagaram ta rubuta shi, ta kuma karanta da bakinta, ana tura muryar daga salula zuwa salula. Sunansa Masu Lafiya. Labarin wata annoba ce da ta share duniya. Wanda ta kama ba ya kwanciya, ba ya zazzaɓi, sai dai ya yi ta yawo yana murmushi, naman jikinsa yana zuba, ba abin da bakinsa ke iya faɗa sai "lafiya lau". Biba, wata matar aure a garin, ta saurare shi tana tsince zogale, ta ji tsoro daidai gwargwado, ta manta da shi.

Na biyun ne ya zo da rigima. Tun kafin a kai tsakiyarsa gari ya rabu. Lailatu mai kitso, maƙwabciyar Biba, ta ce marubuciyar ba ta da imani, tunda ta kashe yarinyar kirkin nan tun a farkon labari ta bar kawunta marowaci yana numfashi. Alhasan mahauci ya ce shi abin da ya ɓata masa rai, an ce mutane sun ƙare amma ba a faɗi wanda ya ci gaba da ba awaki ruwa ba. Wani makiyayi da ya shigo kasuwa daga Alakos ya saurari rabi ya miƙa wa mai salula kayansa. Ya ce ƙarya ce, in duniya ta tashi raƙumi ne zai rage, shi kuwa bai ji an ambaci raƙumi ko ɗaya ba.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya birkita garin shi ne, a littafi na biyu aka gano ta inda cutar ke shiga. Ashe ta gaisuwa ce. Da an ce maka ina kwana ka amsa da lafiya lau, shi ke nan ta kama ka. Waɗanda suka tsira a labarin su ne masu ƙorafi, masu cewa ga inda ke musu ciwo.

Samari ne suka fara, da wasa. In ka ce wa ɗan kabu-kabu ina wuni, sai ya ce maka basir. Daga nan abin ya shiga cikin gidaje, mata suka karɓe shi hannu biyu, don dama sun daɗe da kaya a ciki ba wanda ya tambaye su. Kafin wata ya mutu har dattawa sun shiga. Ba wai sun yarda da littafin ba, a'a, kowa zai rantse maka ya san tatsuniya ce. Amma dai mutum ya yi hattara.

Aka shiga gardamar ko amsawa da Barbarci tana kamawa, masu cewa "kalewa" suna ganin su sun kuɓuta. Wani mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya ce a Faransanci babu hatsari, sai aka tuna masa cewa a littafin masu boko ne suka fara ƙarewa. An yi wani suna a unguwar su Biba inda gaisuwa kaɗai ta cinye hantsi, kowa yana lissafa gwiwa da ƙugu da haƙori, har naman ya huce. Mai unguwa ya kira taro don a kawo ƙarshen wannan shirme. Ya buɗe da tambayar jama'a ina gajiya, aka tashi ba a kai ga maganar da ta tara su ba.

Mutum guda ne ya ƙi, shi ne mijin Biba, Ɗan Talata mai sayar da kanwa da dabino. Shi gaisuwa ce sana'arsa ta gaskiya, kanwar rakiya ce. Kullum daga masallaci sai ya bi gida gida, rumfa rumfa, yana tambayar mutane iyali da dabbobi da baƙin da suka tafi tun bara. In aka juyo da tambayar kansa, amsarsa ba ta canzawa.

"Lafiya lau."

"Malam, ko ciwon kai ka ce mana," in ji Biba. "Mutane fa sun fara kallonka."

"Ni ba zan kai ƙarar Ubangijina wurin mahauci ba," ya ce, ya ɗauki hularsa.

Abin haushin shi ne, a duk Gure babu wanda ya kai shi ciwo. Biba ta sani. Tana ganin tuwon da yake bari a kwano yana cewa ya ci wani abu a kasuwa. Ita ce ta rage masa tazugen wando, ta sake ragewa. Ta ga farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa, ta ga yadda yake dafe gefen cikinsa na dama in ya ɗauka ba mai kallo. Ɗansu Rashidu, da ke aiki a Damagaram, ya yi ta kira yana cewa a kawo shi babbar likita, wato asibitin birni, a duba tun da wuri. Tsohon ya ce a duba me? Sau ɗaya Biba ta lallaɓa shi har gaban majo, babban ma'aikacin asibitin garin. Majo ya tambaye shi abin da ke damunsa, ya ce ba komai, dama wucewa yake ya ce bari ya gaishe shi. Ya tambayi majo iyali, ya fito. Tsoro ya cika Biba, irin wanda littafi bai taɓa ba ta ba. Tana ganin mutumin yana narkewa a gabanta, ba ta da hanyar sa shi a mota.

A waje kuwa an sa masa suna Na Lau. Yara in sun hango shi sai su kwasa da gudu suna ihu suna dariya. Manya ba sa gudu, sai dai kowa ya tuna yana da uzuri a wani lungu. Wanda ya ritsa da shi zai zazzage masa ciwonsa da sauri ya wuce, ba ya yarda ya ce kai fa. Ɗan Talata ya koma dawowa gida da wuri. Yakan zauna a tabarma yana kallon ƙofa, ya ce mutanen garin nan aiki ya yi musu yawa.

Lailatu ce ta shigo da labarin cewa an saki ƙarshen littafin, kuma akwai magani.

"Yaya Biba, kin ji kuwa? Zama ake yi a gaban mai cutar, a yi ta faɗa masa ciwo, a yi ta faɗa, har nasa ya ji kunya ya fito. Wallahi a littafin ya yi aiki. Gobe za mu zo."

Biba ta so ta kore ta. Sai ta tuna ta gwada majo, ta gwada Rashidu, ta gwada fushi da kuka. Ta ce su zo.

Suka zo da hantsi, mutum ya kai goma, wasu sun cusa auduga a kunne. Ɗan Talata ya ga baƙi, fuskarsa ta washe kamar ranar salla. Ya sa aka shimfiɗa babbar tabarma, ya fito da dabino mai kyau. Alhasan ya fara da kafaɗarsa. Lailatu ta ce kafaɗa wasa ce, ita yatsunta ba sa miƙewa. Wani ya ce shi tun yana yaro yake jin ƙara a kunnen hagu. Aka shiga gasa, har aka kusa dambe tsakanin mai ciwon ƙugu da mai ciwon ƙugun da ya sauka ƙafa. Masu auduga ba sa jin kowa, suna ta faɗin nasu da ƙarfi. Shi kuwa maigidan yana bin kowa da sannu, yana cewa wannan ya jiƙa kanwa, wancan ya rage yaji. Da suka gaji, Alhasan ya ja baya kaɗan, ya yi ta maza.

"To Baba, kai fa?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

Tabarmar ta watse. Lailatu ta bar takalmi ɗaya, tana cewa dama littafin farko ya fi.

Gidan ya yi tsit. Ɗan Talata yana tattara ƙwallayen dabino, yana murmushi, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Ya dubi matarsa.

"Kowa ya faɗi nasa, Biba. Ke ba ki ce komai ba."

Ba ta shirya abin da za ta faɗa ba. Ta zauna a bakin tabarmar, ta sa hannu ta dafe gefen cikinta na dama.

"Nan ne," ta ce. "Ya daɗe. In na ci tuwo loma kaɗan sai in ji ya tsaya mini. In na yi sujada, tashi sai na dafa bango. Zanena ma ya yi mini yawa. Wani lokaci yakan soke ni har bayana, sai in tsaya a hanya in yi kamar ina gyara takalmi. Kuma ina jin tsoro, Malam. Ina jin tsoro ƙwarai."

Ya daɗe yana juya ƙwallon dabino a tafinsa, yana kallon hannunta inda ta dafe.

"Har baya yake sukar ki?"

"Har baya."

"To ai wannan ba ciwon da za a zauna da shi ba ne. Me ya sa ba ki faɗa ba? Sai a kai ki Damagaram."

"Ba zan iya tafiya ni kaɗai ba."

"Wa ya ce ke kaɗai? Ni zan raka ki."

Washegari suka fita tasha, ita da ƙullin kaya a ka, shi da sandarsa. Duk wanda suka haɗu da shi, tun kafin ya nemi lungu, Ɗan Talata zai tare shi ya ce Biba ce ba ta jin daɗi, likita zai kai ta. Nan da nan mutane suka saki jiki, tunda dai an samu ciwo a gidan. Aka yi ta yi mata sannu. Alhasan ya aiko da tsire a takarda. Wurin shiga mota ƙafar tsohon ta kasa hawa, Biba ta tallafe shi ta baya ta tura, tana gaya wa shofer cewa jiri take ji, shi ya sa ta riƙe mijinta.

Motar ta kama hanyar Damagaram. Ba su yi nisa ba ta faɗa wani rami, ta yi tsalle. Biba ta ga ya runtse ido, ya cije leɓe, yatsunsa sun damƙe sandar. Ta buɗe baki ta yi nishi mai ƙarfi, har na gaba suka waiwayo.

"Wayyo Allah, cikina!"

Ɗan Talata ya saki numfashi a hankali, idonsa a rufe.

"Sannu, Biba," ya ce. "Sannu. Daure, mun kusa."