Salular da ke Cikin Gilashi

Ranar da aka buɗe kamfanin Tsani a Agie, duk abin da suka mallaka tebur ɗaya ne, benci biyu, da wata salula mai tsagaggiyar fuska. Shagon ma rabi ne, don wani tela ne ya raba nasa da labule ya ba su ɓangaren da rana ke duka. Su uku ne a lokacin. Akwai Ishaku mai kamfanin, wanda ya yi karatu a waje ya dawo da baki mai zaƙi, da Ɗan Azumi mai babur, sai Zakiyya, wadda ta bar koyarwa a lakol, wato makarantar boko, ta zo tana cika takardu. Aikinsu shi ne su nema wa yaran da suka gama sakandare gurbin karatu a ƙasashen waje, su yi musu fasfo da biza, su raka su har tashar mota.

Ishaku ya hana a kira shi maigida. Ya ce a nan duk dangi ne, Yaya za a riƙa ce masa. Kuma a gaskiya, shekarar farko zaman dangi suka yi. Kwano ɗaya suke ci, kowa ya san sunan uwar kowane yaro, ya san unguwarsu. Suna da wata al'ada da suke ji da ita: ranar tafiya, uwa ko uba zai kama hannun ɗansa ya sa a hannun ma'aikacin da ya cika masa takardu. Daga ranar, yaron nan na wannan ma'aikacin ne har ya dawo.

Haka Batulu ta yi wa Zakiyya. Batulu mai sayar da ƙuli-ƙuli ce da man gyaɗa a kasuwar Cadawa, daga wani ƙauye da ke cikin kwari, inda ko ka hau bishiya salula ba ta kamawa. Mijinta ya rasu, ƴarta ɗaya ce, Marwa, wadda aka samar wa makarantar ungozoma a wani ƙaramin gari a Tunisiya, nesa da babban birni. A tasha, Batulu ba ta yi kuka ba. Ta damƙe hannun ƴarta da na Zakiyya wuri ɗaya har sai da Zakiyya ta ji zafi.

"Ni ban san wagga ƙasa da za ta ba," in ji Batulu. "Ke na sani. Ga ta nan."

A takardar makarantar akwai wurin da ake rubuta lambar wanda za a kira idan wani abu ya faru. Batulu ba ta da salula, ba ta jin Faransanci balle Larabci. Zakiyya ba ta ko tsaya tunani ba, ta rubuta lambar salular buro, wato ofishinsu. Haka suka yi wa duk yara bakwai na farko.

Duk ranar kasuwar Cadawa, Ɗan Azumi kan goyo Zakiyya a babur da salular nan a jakarta. Ta zauna a rumfar Batulu, a kira Marwa, uwa da ƴa su yi ta surutu har batir ya yi ja. Batulu ba ta taɓa barin ta ta tafi hannu sake ba. Kullum akwai ƙulli biyu na ƙuli-ƙuli, ɗaya na Zakiyya, ɗaya a aika wa Marwa idan an samu mai tafiya.

To, sai Allah ya yi wa kamfanin albarka, irin albarkar da ke zuwa da gudu. Shekara ta biyu yara arba'in, ta uku sun haura ɗari biyu. Aka buɗe reshe a Gazawa, aka buɗe wani a Gidan Rumji. Ishaku ya je wani taron horo a Yamai ya dawo da sababbin dokoki cike da ciki. Kowace safiya a tsaye za a yi taro. Wanda ya kawo sabon ɗalibi a yi masa tafi uku, a buga wani tsohon ƙarfen mota da aka rataye a bakin ƙofa. Kalmar matsala kuwa ya haramta ta, wai tana kashe zuciyar aiki. Aka kafa babban allo da sunayen dukkan ɗalibai, kowane suna da ƙusa a gabansa, koriya in yaro yana lafiya, ja in akwai damuwa. Wanda ya soka jar ƙusa sai ya rubuta bayani shafi biyu, ya kuma karanta a gaban kowa. Ba sai an gaya maka ba, allon nan kore shar yake kamar gonar gero a tsakiyar damina.

"In ba ku ji komai ba, lafiya ce," Ishaku kan ce. "Yaro mai damuwa shi zai neme ku."

Zakiyya ta zama mai kula da rassa uku, kullum tana kan hanya. Kiran ranar kasuwa ya koma saƙon murya da take kunna wa Batulu a tsaye. Daga baya saƙon muryar ma ya koma na baki. Motar buro ta ɗan tsaya a gefen titi a Cadawa, Zakiyya ta leƙa rumfa da sauri.

"Inna, Marwa na lahiya, tana gaishe ki."

"Ina amsawa. Allah shi yi muku albarka ku duka."

Da farko gaskiya take faɗa. Sai wata rana ta faɗa ba ta duba ba, kuma ba abin da ya faru, sai ta saba. Ƙullin ƙuli-ƙulin Marwa kuwa, da na sauran iyaye, suka taru a ɗakin ajiya har suka fi ƙarfin masu tafiya. Mansura, sabuwar sakatariya, ita ta fara cewa gara a ci da ya lalace. Tun daga nan ake shan shayin ƙarfe goma da tsarabar iyayen mutane. Zakiyya ma ta ci, kuma ta san na wa take ci, don Batulu kaɗai ke sa citta a nata.

Da suka tashi daga shagon tela zuwa sabon bene, Ishaku ya raba wa kowa sabuwar salula da sabon layi. Tsohuwar kuwa ya sa aka yi mata akwatin gilashi a zauren baƙi, da rubutu a ƙarƙashi: Daga Nan Muka Fara. Duk sabon ma'aikaci sai an kai shi gabanta an ba shi tarihi. Mansura ta tura sabuwar lamba a zauren sadarwar ɗalibai. Marwa ba ta cikin zauren, domin an buɗe shi ne bayan tafiyarta, kuma sauran shidan da suka tafi tare da ita duk sun gama sun dawo. Mansura ta ɗauka Zakiyya ta gaya wa Marwa, ai tata ce. Zakiyya ta ɗauka Mansura ta gaya wa kowa.

Sati bakwai da tarewa aka sa bikin buɗe benen. Da hantsi, ana kafa rumfuna, Ishaku ya zo da wata dabara. Yana so a kunna tsohuwar salular, a kira ta a gaban baƙi, ta yi ƙara daga cikin gilashi, mutane su yi tafi. Ya miƙa wa Zakiyya makullin.

"Ke kika fi sanin ta. Sa mata wuta."

Ta kai ta buronta ta jona, ta ci gaba da jera takardu. Can salular ta farka. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, sai ta shiga kaɗawa a kan tebur ba tsayawa har ta kusa faɗowa. Zakiyya ta ɗauka tana murmushi, tana zaton saƙonnin talla ne. Ta ga sunan Marwa, da lamba talatin da ɗaya a gefensa.

Ta danna na farko, na sati shida da suka wuce. Muryar yarinyar ce, tana ɗan dariya. "Tanti Zakiyya, zazzaɓi ne ya kama ni, kada ki hwaɗa ma Inna." Na huɗu babu dariya. An kwantar da ita a asibiti. Na tara tana cewa, "Tanti, don Allah ran kasuwa ki kai ma Inna salula, muryarta nike so in ji." Ta maimaita wannan roƙo sau shida a cikin kwana biyar. Na ƙarshen nata numfashi ne ya fi yawa, da kalma ɗaya, Inna. Bayansa sai muryar wata mata daga makarantar, da Faransanci, tana neman dangi da gaggawa. Sai kuma wata rana matar ta sake magana a hankali. Ta faɗi ranar da Marwa ta cika, ta faɗi lokacin. Saƙo na talatin da ɗaya hoton kabari ne, da bayanin cewa sun kira, sun rubuta wasiƙa zuwa tsohon shago, sun jira iyakar abin da za su iya, sun yi mata sutura yadda addini ya ce.

Zakiyya ta ɗaga kai. Ta ƙofar da ke buɗe tana hango allon, da koriyar ƙusar da ita da hannunta ta soka a gaban sunan Marwa. Ta ji ɗanɗanon citta a maƙogwaro. Tsoro ne ya fara kama ta kafin baƙin ciki, kuma ta ji kunyar hakan.

Ta kira Ishaku, ya saurari saƙo uku ya zauna a ƙasa da sabuwar shaddarsa. Ya yi salati, hawaye ya zubo masa, don ba mugu ba ne. Amma da ya share fuska sai ya dubi agogo.

"Zakiyya, baƙi na hanya. Iyayen yara ɗari za su zo. Wanda ya tahi ya riga ya tahi. Mu bari gobe mu je tare, da mota, da liman, yadda ya kamata."

"Gobe?" ta ce. "Yaya, kwana talatin da huɗu ke nan da rasuwarta. Ko sadakar uku ba a yi mata ba."

"Kwana ɗaya ba zai ƙara komai ba."

"A hannuna aka sa ta, ba a naka ba."

Ta zare salular daga wuta, ta bi ta gaban allon ta cire koriyar ƙusar. Ta nemi ja a cikin gwangwanin, babu ko ɗaya, an daɗe da kwashe su an rataye kalanda da su. Ta bar gurbin haka nan. A ƙofa ta sami Ɗan Azumi yana jera kujeru. Da ya ga fuskarta da abin da ke hannunta, sai ya je ya tayar da babur.

Ba ranar kasuwa ba ce, don haka suka wuce Cadawa suka gangara kwarin. Rana na tsaka suka isa. Batulu na tsakar gida tana matsar tunkuza, hannunta duk mai. Da ta ga Zakiyya a cikin gidanta, abin da bai taɓa faruwa ba, sai ta tsaya da aikin. Ta dubi salular da ta shekara biyu ba ta gani ba.

"Zamna," ta ce.

Zakiyya ta durƙusa ta faɗa mata. Ba ta yi kwana-kwana ba, wanda ta yi a baya ya ishe ta. Batulu ta yi salati sau uku, ta goge hannu a zane a hankali, yatsa bayan yatsa. Sannan ta ce a kunna mata. Ta saurari muryar ƴarta tun daga dariyar farko har numfashin ƙarshe, kunnenta manne da tsagaggen gilashin. Maƙwabta suka fara taruwa a bakin zaure, ba wanda ya shigo.

"Tun da ta kwanta, sau nawa kika zo rumhwata?" Batulu ta tambaya.

"Sau biyar, Inna."

"Kowane zuwa kin ce tana gaishe ni."

"Na ce."

"Wa ya ba ki gaisuwar?"

"Ba kowa, Inna."

Batulu ta gyaɗa kai. Ta shiga lissafin ranakun kasuwa da yatsunta, tana komawa baya, har ta tsaya a kan babban yatsa.

"Zuwan hwarko. Ranar da na ba ki ƙulli biyu na ce sanyi ya kusa can wajensu. Rannan tana da rai?"

Zakiyya ta so ƙasa ta tsage. Ƙarya ɗaya ce ta rage da za ta iya yi, kuma da ta yi ta, da ta sauƙaƙa wa matar nan.

"Tana da rai."

"Tana kirana?"

"Tana kiranki, Inna."

Batulu ta miƙo hannu. Zakiyya ta ɗauka nata hannun take nema, irin na ranar tasha, ta miƙa shi. Batulu ta zare salular daga cikinsa, ta juya mata baya, ta sake kai ta kunne.

"Na'am, ɗiyata," ta ce. "Ga ni."