Dashen La'asar

'Yan fim suka iso gonar Malam Datti a bakin kanal ɗin Bunkure da hantsi, mota biyu cike da kaya da surutu. Wani tsohon littafi suke mayarwa fim, labarin matar da masu iko suka ƙwace wa gona, aka bar ta da ɗan fegi. A can za ta yi dashen tumatir tana rera waƙa. Datti ya yarda a yi da irinsa, tunda dama ya kai dashe.

Abin da bai gaya musu ba, irin na Barira ne, matarsa da ta rasu da damina. Ita ta matse 'ya'yan, ta shanya, ta ƙulle a tsumma da toka. Shi ke nan abin da ya rage daga hannunta.

Rana na take tsaka darakta Suhaibu ya ce a fara, haske ya yi. Ko yaron goye a wannan yanki na Kadawa ya san dashen tsakar rana ba ya kai gobe, amma ɗan birni gani yake tumatir a kwando yake tsirowa.

"Ɗana, a bari sai la'asar," in ji Datti.

"Baba, rana za ta gudu."

"Rana tana dawowa gobe. Wannan irin ba ya dawowa."

Fa'iza, wadda za ta fito a matar, ta tambayi dalili. Da ta ji, sai ta ajiye irin a inuwa, ta ce makogwaronta ya bushe, sai an yi sallah. Suhaibu ya yi ta cika yana batsewa, amma ya jira.

Da rana ta yi sanyi Datti ya saki ruwa, ya nuna mata yadda ake danna saiwa da babban yatsa. Ta sunkuya tana dasawa tana waƙa, shi kuwa ya kau da kai don kewa ta taso masa.

Bayan 'yan makonni suka dawo suka ɗauki fegin ya yi kore shar. Bayan wata biyar kaset ya iso Kura, garin da ke kusa da su. Jama'a suka cika shagon kallo, kowa idonsa na kan Fa'iza. Datti, da bai taɓa shiga irin wurin ba, ya matsa gaba yana kallon ƙasan allo.

"Ɗan mayar da shi baya," ya ce wa mai shagon a hankali. "Ga na Barira can. Duk sun kama, ko ɗaya bai mutu ba."