Layi Na Tara

Shekara goma sha ɗaya Injiniya ta yi a ɗakin kula da wutar lantarki, gaban allon da ke nuna layukan gari kamar jijiyoyin bayan hannu. Abin da take fara koya wa sababbin ma'aikata shi ne kowane layi yana da iyaka biyu. Akwai nauyin da zai ɗauka idan ana ƙara masa a hankali, akwai wanda zai jure idan abu ya faɗo masa ba zato, kuma na biyun ya fi ƙanƙanta. In aka wuce iyaka, injinan tashoshi sai su daina juyawa tare, kowanne ya kama gabansa, wuta ta ɗauke a ko'ina.

Wata Laraba da azahar, ana zafi kamar me, motar ɗaga kaya ta taɓa ɗaya daga cikin manyan layuka biyu da ke shigowa gari. Nauyin duka ya koma kan ɗayan. Allurar awo ta fara lilo, kowane lilo ya fi na baya faɗi. Dole a yanke wa wata unguwa wuta nan take, kuma a jerin da aka tsara layi na tara ne a sama. Gidan mahaifinta yana kan layin. Wata huɗu ke nan Baba yana numfashi da wata na'ura da ke jone a bango.

Ta san da haka sarai. Ta kashe layin.

Allura ta natsu. Sai da aka yi minti arba'in da bakwai kafin a mayar wa unguwar wuta. Da ta ciro wayarta daga aljihun tebur, ta ga ƙanwarta ta kira sau uku a jere, daga nan shiru.

An kai Baba asibiti a ranar, ya cika ranar Asabar. Likita ya ce dama huhun ya gaji. A wurin aiki kuwa shugabanta ya yaba mata a gaban kowa.

Bayan sati biyu, suna ninke rigunansa, ƙanwar ta gaya mata cewa tukunyar iskar numfashi da suke ajiyewa saboda irin haka an kai ta wurin cikawa tun da safe. Da murfin kwali ta yi ta masa fifita, na'urar numfashin tana ta ƙarar gargaɗin ɗaukewar wuta.

Injiniya ta ce, "Bai ce komai ba?"

"Ya tambaya ko ke ce a bakin aiki, Yaya. Na ce ke ce. Sai ya ce in bar kiranki, hannunki a cike yake."

Ba ta bar aikin ba. Amma tun daga lokacin, in azahar ta yi ɗakin ya yi tsit, takan ji wata siririyar ƙara tana yi tana tsayawa, ita da ba ta gidan a ranar. Sau ɗaya ta tambayi abokin aikinta ko yana ji. Ya kasa kunne na ɗan lokaci, ya ce na'urar sanyaya ɗaki ce kawai, ya tashi ya ƙara mata ruwa a kofi.