Lakcar Dokta Zuwaira a Kan Sikila

Dokta Zuwaira ta sake gyara zaman majigin, ta duba agogo. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, kuma kujerun ɗakin taron asibitin babu kowa a kansu. Daga wajen Ƙofar Kaura ana jin ganguna da lasifika. 'Yan takarar gwamna sun shigo gari, shekara takwas ke nan da sojoji suka koma bariki, kuma duk wanda ta gayyata ya tafi can a gan shi.

Shekara shida ta yi a ɗakin gwaji tana bin sinadari guda ɗaya. Yau ce ranar da za ta faɗa wa likitocin garinsu abin da ta gani. Ƙugunta na dama ya fara yi mata tsuka tun da asuba, irin tsukar da ta sani sarai, amma ta sha magani ta fito. A gidanta na GRA babu wanda zai ce mata ta zauna.

Tana shirin naɗe wayar majigin sai ta ji sallama. Wani dattijo ne dogo, da malafa da sanda, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa. Ya zauna, suka gaisa, ya tambayi aiki da gajiya da iyali, ta amsa da lafiya lau kamar yadda ta saba.

"Sunana Yari, daga rugarmu bayan Batagarawa. A rediyo na ji an ce wata likita za ta yi bayanin maganin sikila. Ɗiyata Hauwa'u tana kwance a ɗakin mata, yau kwana huɗu."

Zuwaira ta jawo kujera ta zauna nesa kaɗan da shi.

"Baba, mai sanarwar ya yi kuskure. Ba magani na kawo ba. Ni ma ba likitar duba marasa lafiya ba ce, aikina a ɗakin gwaji yake."

Bai tashi ba. Ya ajiye sandarsa a ƙasa.

"To, gaya mani abin da kika kawo."

Ta dubi takardunta na Turanci, ta kife su. Ta ce masa jinin mai sikila yana saurin fashewa, kuma idan ya fashe, jan abin da ke cikinsa yakan zube ya riƙa ƙona jijiyoyi, su kumbura, ciwo ya ƙaru. Amma Allah ya sa wa jiki wani sinadari mai kwashe wannan zubin, Turawa suna ce masa him oksijines. Shi ke farfasa shi ya mai da shi ruwan ɗorawa.

"Wannan ɗorawar ta idonta?" in ji Yari.

"Ita ce. Alamar ana ta shara ce a ciki. Mu muna neman hanyar da za a ƙara wa mai sharar ƙarfi, ko kumburin zai ragu."

"Kun samu?"

"A jikin ɓeraye, an ga alama. A jikin mutum, da saura."

"Ɓeraye," ya maimaita a hankali. "Saura kamar yaushe?"

"Ban sani ba, Baba. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Ta cire tabarau ta murza idanunta, don ciwon ya hau har gadon bayanta. Da ta ɗago, sai ta ga ya kafa mata ido, ya manta da kunyar da ya shigo da ita.

"Likita, ki gafarce ni. Idonki irin nata ne."

A wurin aiki ba ta taɓa faɗa wa kowa cewa ita ma tana da sikila ba. "Mu uku ne," ta ji bakinta yana cewa. Yayanta Sule ya rasu yana da shekara sha huɗu, ƙaninta Haruna bai kai goma ba. Ita kaɗai ta rage, kuma dalilin da ya sa ta rage shi take nema a cikin kwalaben gwaji.

"Shekarunki nawa?"

"Arba'in da ɗaya."

Yari ya ɗora hannu a baki. "Allahu Akbar. Ita sha tara gare ta. Tun tana ƙarama mutane ke cewa a gabanta irinsu ba su kai ashirin. Bana ta daina cin abinci sosai. Ta ce me za a ɓata." Ya ɗauki sandarsa, ya miƙe. "Ban roƙe ki magani ba. Ki zo ta gan ki kawai."

Zuwaira ta dubi kujerun. Wataƙila wani likita ya leƙo bayan azahar, idan an watse daga taron siyasa. Ta kashe majigin, ta ja ƙofar.

Tafiyar ba nisa, amma sau biyu tana tsayawa ta dafa bango. Yari yakan tsaya shi ma, ya juya yana kallon itatuwan darbejiya kamar su ne suka tsai da shi.

Hauwa'u tana gadon ƙarshe kusa da taga, ana yi mata ƙarin ruwa. Siririya ce, da kitso ƙanana, ta juya fuska bango.

"Hauwa'u, tashi ki ga baƙuwa," in ji uban. "Likita ce. Ciwonku ɗaya. Shekararta arba'in da ɗaya."

Yarinyar ta juyo. Ta dubi idanun Zuwaira, ta dubi farar rigarta, ta dubi hannun da ta tallafe ƙugu da shi. Zuwaira ta shirya amsar tambayoyin da ta zata: yadda ta yi karatu, abin da take ci, ko ta yi aure.

"Anti," in ji Hauwa'u, murya ƙasa ƙasa, "har yanzu yana yi maki ciwo?"

Rabon da wani ya yi mata wannan tambayar tun rasuwar mahaifiyarta.

"Yana yi," ta ce. "Yanzu haka ma yana yi."

Hauwa'u ta janye ƙafafunta a hankali, ta matsa jikin bango, ta bar mata gefen gadon.