Hoton Murgu na Ƙarshe

Smaranda ta fito baranda tana lalubar batir biyun da ta kwana da su cikin rigarta don kada sanyi ya shanye su, sai ta tarar jakar kyamararta ba ta kan benci. A nan ta bar ta jiya da gangan, domin kyamarar da ta sha sanyi ba a shigar da ita ɗaki mai ɗumi kai tsaye.

"Inna, ina jakata?"

"Na shigo da ita ɗazu," in ji mahaifiyarta Paraschiva, tana tuƙa tuwon masara. "Abu mai tsada haka ki bar shi a waje kamar kare? Har fito da kyamarar na yi ta sha ɗumi."

Ga ta kuwa a gefen murhu, ta yi gumi sharkaf. Raɓar ta shiga har cikin gilashin, inda ƙyalle ba ya kaiwa, kuma sai ta yi awa uku kafin ta bushe. Smaranda ta ɗauki kyamarar. Wa zai yi faɗa da wanda ya yi ɓarna da zuciya ɗaya?

Mai sayen doki ya riga ya iso, motarsa na ruri a ƙofar gida. Abin da ya taso ta daga birnin Suceava ke nan. Mahaifinta Toader ya shekara arba'in yana jan gungumen itace daga daji da doki, bai taɓa yarda ta ɗauke shi hoto ba. Hoto, a cewarsa, na 'yan siyasa ne da matattu. Sai ga shi makon jiya ya kira ta da kansa: "Zo ki ɗauke ni da dokina Murgu. Ranar Asabar zan sayar da shi." Bai faɗi dalili ba, ita kuma ta san halin kayanta, ba ta tambaya ba.

Tana fita tsakar gida da kyamarar, raɓar ta daskare a gilashin. Tsohon na tsaye cikin dusar ƙanƙara har gwiwa, sanye da hular fatar tumaki ta zuwa coci, hannunsa a wuyan dokin.

"Malam, a jira mu zuwa azahar mana," ta roƙi mai sayen.

"Hanya za ta rufe, 'yar uwa. Minti biyar."

"To mai aikin birni, ɗauka mana," in ji Toader. "Ko sai gemuna ya karye?"

Ta cire safar hannu, ƙarfen ya cije mata yatsu. Ta ɗauka sau huɗu. Hoto ɗaya tak mahaifinta ya taɓa nema a wurinta.

Bayan motar ta tafi da Murgu, ya ce ta nuna masa. Ta miƙa masa a kunyace. Babu fuska, babu ido, sai inuwa biyu cikin farin hazo, ɗaya doguwa, ɗaya mai faɗi.

"Ya lalace, Baba. Ka yi haƙuri."

Ya kai hoton dab da hancinsa, ya daɗe yana kallo.

"Me ya lalace? Ai ya fito," ya ce a hankali. "Haka nake ganinsa tun bara. Ke ma haka nake ganinki."

Ya miƙo mata kyamarar, amma hannunsa ya nufi gefe, inda ba kowa. Smaranda ta matsa wajen, ta karɓa.